Yadda Na Zaɓi Manhajar da Ta Gaje Ni

Wayar farko da na ja a rayuwata, a cikin silin wani kamfanin alewa ne a Bompai, kuma ban ja ta daidai ba. Maigidana Malam Sidi ya tsaya a ƙasa riƙe da tsani, ya ce in rarrafa har bango na uku, in saki wayar ta ramin da zan ga haske. Na rarrafa, na ga haske, na saki. Ashe ramin banɗakin manaja ne, kuma manajan yana ciki. Tun daga ranar na koma Haladu Waya, yau shekara talatin da wani abu ba wanda ya mayar mini da sunan ubana.

Na fara da wannan ne saboda ku samarin yanzu da kuke fitowa daga makaranta da jaka a baya, kuna ganin aikin netwok zama ne a ɗaki mai sanyi ana kallon allo. Allon gaskiya ne. Amma duk layin da kuka gani a kansa, akwai bawan Allahn da ya ja shi da rub da ciki a cikin silin, kashin ɓera na manne masa a gwiwar hannu. Ni karatuna aji uku ne, na ukun ma rabinsa a gonar gyaɗar kawuna na yi shi. Duk da haka ni na zaɓa wa wani kamfanin fata a Challawa manhajar da ke zana musu taswirar netwok, kuma ita ce ta raba ni da aikina.

Kayan aikin Malam Sidi ba su cika jakar buhu ɗaya ba. Filaya, abin matse kan waya, tocila, 'yar testa ta gwada waya mai fitilu takwas, da wata doguwar gora da muke ɗaure waya a bakinta mu tura inda mutum ba ya shiga. Biro ba ya cikin kayan. Ranar da ya gan ni ina zana hanyar waya a bayan kwalin sukari, karɓewa ya yi ya yayyaga.

"Wa ya aike ka?"

"Don kada in manta ne, Malam."

"Gara ka manta. In suka samu wannan takardar, me kuma za su yi da ni da kai?"

Haka duk masu jan waya na lokacin suke, daga Bompai har Sharada. Kowa ya riƙe ginin da yake aiki a kansa, ba ya rubutawa, ba ya nuna wa na kusa da shi. Ni kaina da nake riƙe masa tsani, rabin hanyoyin kawai ya nuna mini.

Sai Allah ya yi masa rasuwa, zazzaɓin kwana huɗu. Allah ya jiƙansa. A lokacin an riga an cika kamfanin da kwamfutoci, wayoyi sun cunkushe a silin duk kala ɗaya, ba wadda aka yi wa alama. Wata biyar na yi ina bin su ni kaɗai. In zare guda a wannan ƙarshen, in sauko, in zagaya ginin in ga fitilar wa ta mutu, in koma in hau. Ba mai riƙe mini tsani, sai in tokare shi da buhun sukari. Akwai wata mage da ta haihu a can sama, har gaishe ta nake yi in na hau, in tambaye ta yara. Da na gama sanin kowace waya daga inda ta fito zuwa inda ta tsaya, ba a yi wata guda ba aka rufe kamfanin. A waccan shekarar kamfanoni da yawa sun rufe. Na fito da taswira cikakkiya a kaina ta ginin da aka sa wa kwaɗo.

Mai hankali da ya ga haka, littafi da biro zai saya. Ni sai na ƙara ƙulle bakina.

Aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne na kamfanin fatar nan na Challawa. Wanda bai taɓa shiga majema ba, ba zai gane abin da iskarta ke yi wa waya ba. Gishiri da tururin magani suna cin kan waya, ka matse shi fes yau, bayan damina ɗaya ka same shi kore. Takardar alama kuwa ba ta wata uku sai ta yi baƙi ta faɗi. Sai na ƙirƙiro tawa alamar. Ina tsintar ragowar fata a wajen masu yanka, in tsaga ziri-ziri in ɗaure a jikin kowace waya. Jan ziri na ofisoshi ne, rawaya na ɗakin manyan gangunan da ake juya fata a ciki, baƙi na wayar da ta mutu. Yawan ƙulli shi ke gaya mini ɗaki na nawa. Duk wanda ya leƙa silin sai ya ɗauka layu na rataya, har wani lebura ya taɓa roƙona in ba shi ɗaya na farin jini. Na ba shi na firintar sito.

Aikin namu na lokacin da ba kowa ne. Ranar Lahadi, ko kashegarin Sallah, lokacin da injuna suka yi shiru, motocin ma'aikata ba su zo ba, nan ne nake samun damar taɓa waya. Ni da maigadi kawai, shi a ƙofa, ni a sama. Ranar aiki ma ba ni da sashe. Masu jima suna cin abinci tare, 'yan ofis tare, ni ina kan matakalar bayan sito da kwanona. Ba ƙina ake yi ba. Mutum ne ba ya tunawa da mai waya sai firinta ta ƙi fitar da takarda. Amma in ta ƙi, sunana za ka ji daga ƙofa har ɗakin ganguna, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗin wannan kiran nake ji.

Ana nan sai manajanmu Alhaji Mamuda ya ɗauko injiniyar kwamfuta, sunanta Zulai, 'yar Na'ibawa, ta yi aiki a wasu kamfanoni biyu a Sharada kafin ta zo. Kwananta uku ta same ni a kan matakala.

"Baba, ina wuni. Don Allah taswirar netwok nake nema."

Na ƙwanƙwasa goshina da cokali. "Ga ta nan, Injiniya. Ba a ba da aro."

Ta yi dariya. "To in kun tafi Umara fa?"

"Sai a biya mini da wayoyin mu tafi tare."

Ba ta ja ba. Bayan mako biyu Alhaji ya kira mu ofis ya ce za a sayi manhajar da za ta zana taswirar da kanta. Zulai ta yi mini bayani da Hausar da zan gane. Ta ce ana ɗora ta a kwamfuta guda, sai ta bi waya tana sallama ga kowane inji, wanda ya amsa ta zana shi, ta nuna wa ke haɗe da wa, in kuma wani ya daina amsawa ta sanar. Wato aikina, ba tare da tsani ba.

Alhaji ya ce, "Mutum uku za su zo su nuna tasu. Ni ban san waya ba, Injiniya baƙuwa ce. Kai kaɗai za ka kalli zanen ka ce gaskiya ne ko ƙarya. Wadda ka ce, ita za a saya."

"Ranka ya daɗe, an gama."

Na fito ina lissafi a raina. In na zaɓi mai kyau, na sallami kaina. In na zaɓi maras kyau, za a yi ta kallon allo kwana biyu a gaji, a dawo ana kiran Haladu. Tun kafin su zo na riga na san wadda zan zaɓa, saura kawai in gano wacce ce ta fi lalacewa.

Dabarar da na yi mai sauƙi ce, kuma ko yau ita nake ba duk wanda zai sayi irin wannan kaya shawara ya yi. Mai talla yana tsakiyar bayani, sai in ce zan je in kama ruwa. In zagaya bayan rumbun gishiri, in durƙusa in zare wayar firintar sito, in dawo in zauna ina kallon allo.

Na farko ban ma wahala da shi ba. Tasa sai da intanet take aiki, yana cikin magana aka ɗauke wuta, kafin janareto ya tashi intanet ta tafi, aka bar shi da wata da'ira tana juyawa a allo. Mu a Challawa ana ɗauke wuta fiye da yadda ake kiran salla. Ya naɗe kayansa.

Na biyu ya zo da kwat da turare. Manhajarsa kyakkyawa ce ƙwarai, ta zana kamfanin kamar ka hango shi daga jirgi, kowace kwamfuta da ɗan hotonta, har Alhaji ya gyara zama. Na je na kama ruwana na dawo. Minti ashirin muna zaune, hoton firintar sito na nan yana sheƙi kamar ba abin da ya same shi. Zulai ta tambaye shi sau nawa take zagaya injunan, ya ce sau ɗaya a rana, ko in an danna mata. Na ce a raina, ga amaryata.

Na uku wani shiru-shiru ne, kwamfutarsa ma gefenta a fashe. Zanen nasa ba kyau, ɗigo-ɗigo ne da layuka kamar yaro ya yi wasa da alli. Amma a cikin kamfanin take zaune, ba ruwanta da intanet. Na fita na zare wayar, ban gama zama ba ɗigo guda ya koma ja, ta rubuta a ƙasa: akwati na huɗu, rami na tara. Akwatin shi ne abin da wayoyi ke haɗuwa a ciki su rarrabu, kowace da raminta. Kuma na tara ɗin ne.

Wannan bai tsorata ni ba kamar abin da ya biyo baya. Mutumin ya nuna wani wuri da yatsa ya ce, "Nan ta ce injuna biyar suna amsawa ta rami ɗaya. Akwai wani akwati a tsakani da ba ta iya gani, amma ta san yana nan. Malam, ko akwai?"

Akwai. Wani ƙaramin akwati ne na sa a silin tsohon sashen rini da aka rufe, shekara tara ba wanda ya san da shi sai ni. Na ce masa zan duba. Ji na yi kamar an ɗaga labulen ɗakina ina canza riga.

Kashegari, ranar Alhamis, na shiga wajen Alhaji na ce ta biyu ce. Ya ji daɗi, don dama ita ta burge shi. Ya ce ranar Litinin zai sa hannu.

Zulai ta same ni a matakala. Ta zauna a ƙasa da ni da mataki biyu.

"Baba, a ina kuke alwala ne?"

"A famfon masallaci mana."

"To gishirin da ke gwiwar wandonku jiya fa? Sau biyu kun fita, sau biyu kun dawo da shi."

Na duba wandon. Shi ne dai a jikina.

Na ce, "Injiniya, ke in an sallame ki, kina da takarda a jaka. Ni abin da ke kaina shi ne takardata."

"Na sani. Ba zan ce wa Alhaji komai ba. Ku ya tambaya, ba ni ba."

Ta tashi ta tafi. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar da safe na hau silin ɗakin ganguna don in cire wata matacciyar waya da ke tare mini hanya. Na haska tocila, na ga baƙin ziri, na sa filaya na datse. Na ci gaba da aikina. Can sai na ji ƙarar ganguna ta tsaya, sai hayaniya, sai sunana. Kwamfutar da ke ba gangunan lokaci da ma'aunin magani ta daina magana da su, kuma ganga biyu cike suke da fata tana cikin magani. Fata in ta wuce lokacinta a ciki, ta lalace.

Ko kaɗan ban kawo wayar da na yanke a raina ba. Baƙin ziri ne, matacciya ce, shekara nawa ina wannan aiki. Na bi akwatin ofis, na bi na bakin ƙofa, na canza kawunan waya, na zargi ɓera, na zargi janareto. Shugaban masu ganguna yana bina a baya yana cewa, "Malam Haladu, fatar fa." Wajen awa biyu ina hawa ina sauka, rigata ta jiƙe. Zulai ba ta aiki ranar Asabar, sai da aka kira ta daga gida. Ashe mai fasasshiyar kwamfutar nan ya bar mata manhajarsa ta gwaji, tana aiki tun ranar. Ta duba allon. Ba ta yi magana a gaban mutane ba, waya ta buga mini ina sama.

"Baba, akwati na biyu, rami na shida. Tun ƙarfe tara da kwata."

Ƙarfe tara da kwata ina riƙe da filaya. Na rarrafa na koma wurin, na ɗauko guntun, na tofa wa zirin yawu na goge da babban yatsa. Rawaya ne. Tururin magani ya mayar da shi baƙi, idona kuma ya daina raba su a hasken tocila, ban san tun yaushe ba. Minti goma na haɗa ta. Ganga ɗaya an ceto, ɗayar fatar ta yi laushi, sai a ƙaramin daraja aka sa ta.

Na daɗe a sama bayan ganguna sun tashi. Na bi sauran ziraran da tocila ɗaya bayan ɗaya. Da yawa sun zama kala ɗaya.

Ranar Litinin tun kafin Alhaji ya ajiye makullin mota na shiga.

"Ranka ya daɗe, kada ka sa hannu. Ta ukun ce mai kyau. Ta biyun ba ta gani, shi ya sa na zaɓe ta. Wayar ranar Asabar kuma ba ɓera ba ne, ni ne."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Haladu, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani."

"In aka sa wannan, aikinka zai ragu ƙwarai."

"Ai shi ya sa na yi maka ƙarya ranar Alhamis."

Ya yi dariya kaɗan, ba ta jin daɗi ba. Ya ce, "Je ka kira mini Injiniya."

Manhaja ta san inji na amsawa, amma ba ta san ta wane bango wayarsa ta bi ba. Wannan sai mutum. Wata biyu muka yi ni da Zulai, ina sama ina kwance ziri ina faɗa, tana ƙasa tana shigarwa, ana manna wa kowace waya lamba ta roba da magani ba ya ci. Na nuna mata akwatin sashen rini. Na nuna mata wayar da ta bi ta ƙarƙashin kwata, da wadda na zagaya da ita bayan masallaci don kada a haƙa a kanta. Ban rage ko ɗaya ba. Wannan wata biyun ne kaɗai tun rasuwar Malam Sidi da nake sama wani yana amsa mini daga ƙasa.

Don haka in an aike ku zaɓen irin wannan manhaja, kada kyan zane ya ɗauke muku hankali. Ku zare waya ku ga minti nawa za ta yi kafin ta sani. Ku kashe intanet ku ga ko tana numfashi. Ku duba ko tana faɗin inda ba ta gani, don wadda ke nuna ta san komai ita ce mai haɗari. Kuma in akwai wani tsoho a wurin da ya san wayoyin, ku bi shi a hankali, ku sa ido a kan gwiwar wandonsa.

Ba a kore ni ba. An bar ni kusan shekara ina zuwa ina zama, a kira ni sau ɗaya a mako, daga baya sau ɗaya a wata. Ni na je na ce wa Alhaji ya isa. Aka yi mini sallama ta mutunci, da shadda da addu'a, na koma gidana a Zawaciki.

Bayan wata huɗu na shirya na je gaishe su. Maigadin sabo ne, ya rubuta sunana ya rataya mini katin baƙo. Zulai ta yi murna, ta ba ni kujera, ta sa aka kawo shayi. An kafa babban allo a bangon ofishinta, ɗigo-ɗigon nan duk kore. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta koma aikinta. Ni kuma na zauna ina kallon allon. Aka yi azahar muka dawo, ina nan. Ta ce ko akwai abin da nake jira, na ce rana nake jira ta yi sanyi.

Wajen ƙarfe uku ɗigo guda ya koma ja. Na miƙe tsaye, hannuna ya riga ya shiga aljihu ya fito. Ina neman takalmina da ƙafa, sai na ji ta ɗaga waya.

"Malam Sabo, duba ƙarƙashin teburinka, ka taka waya. Yauwa, tura ta ciki."

Ɗigon ya koma kore. Ta ajiye wayar ta juyo, ta gan ni tsaye da takalmi ɗaya, da filaya a hannu. Na mayar da ita aljihu, na ce bari in kama hanya kafin motoci su cika. Ta rako ni har bakin ƙofa, ta karɓi katin baƙon ta miƙa wa maigadi da kanta. Ba ta tambaye ni abin da ya sa na zo gaisuwa da filaya ba, ni ma ban faɗa ba.